Nana Asma'u 'Yar Shehu, Malamar da Mata Suka Riƙa Taruwa Don Rera Waƙoƙinta



Bari in fara da tambayarki, ya ke mai karatu. A garinku akwai makarantar Islamiyya mai suna Nana Asma'u? Da wuya a ce babu. Wataƙila ma a cikinta kika yi karatu, ko kuwa kin zauna a ɗakin kwanan ɗalibai mata mai wannan suna a jami'a, ko kuma sunan da aka raɗa wa 'yarki ke nan. To, madalla. Amma baiti nawa kika haddace daga cikin waƙoƙinta? Ni dai ranar da na yi wa kaina wannan tambaya, kunya ce ta rufe ni, domin na tarar sunan kawai na riƙe, alhali kakanninmu na ƙauye waɗanda ba su taɓa zama a kan benci ba sun riƙe karatun nata a ka, suna rera shi a bakin turmi da wurin kaɗi.

Ki ɗan lumshe ido ki koma ƙasar Sakkwato a wajajen shekarar 1840. Damina ta wuce, an kai amfanin gona rumbu, hanyoyi sun bushe. Sai ki hango ayarin mata sun taso daga ƙauye a ƙasa, wasu tafiyar yini, wasu ta kwanaki. A gabansu akwai wata dattijuwa da malfa a kanta, an naɗe malfar da jan ƙyalle. Ita ce ake kira jaji. A bayanta tsofaffi ne da suka gama haihuwa, sai 'yan mata ƙanana da ba a kai ɗaki ba. Kowacce da ɗan abin da ta ɗauko, wata hatsi, wata zuma, wata man shanu, wata zaren da ta kaɗa da hannunta, har da saƙon matan auren da aka baro a gida. Inda suka nufa shi ne gidan Waziri, ɗakin Nana. A can za su zauna a gabanta, ta rera musu waƙa su amsa, ta maimaita su maimaita, ta tsaya ta warware musu ma'ana, har sai ta zauna musu daram. Sannan su juya gida, su tara matan da ba su sami zuwa ba, su ma su biya musu. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Kafin mu dawo kansu, ya kamata ki san wace ce wannan baiwar Allah da ake yi wa irin wannan tattaki.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793, lokacin garin yana ƙarƙashin mulkin Gobir. Mahaifinta shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan uwanta Hassan. Kin san al'adarmu, da an bi ta, da Hassana ko Usaina za a kira ta. Sai Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (RA), wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogon Sauru lokacin hijira. Ikon Allah, ita ma mai sunan hijira na jiran ta tun ba ta mallaki hankalin kanta sosai ba.

Tana ƙarama ƙwarai mahaifiyarta ta rasu, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, ciki har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello, wadda ake kira Inna Garka. Wannan riƙo shi ne asalin shaƙuwar da ke tsakaninta da yayanta Bello, shaƙuwar da ta kai har ƙarshen rayuwarsa.

Gidan da ta tashi a ciki kuwa, gida ne da karatun mace bai zama abin mamaki ba. Kakanninta mata malamai ne, matan babanta masu karatu ne, yayarta Khadija har littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya ta mayar da Fulatanci. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje don a yabe su, amma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci kamar kayan ɗaki. Tun kafin a haifi Asma'u ma an taɓa ƙalubalantarsa a kan haka. Wani malami daga Barno, Gwani Mustafa, ya aiko masa da baitoci yana neman ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa da waƙa, inda aka nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni nesa ba kusa ba, tunda an keɓe musu wurin zamansu daban. Kin ga ke nan gardamar da wasu ke tayarwa a kan karatunmu tsohuwa ce, kuma an riga an amsa ta fiye da shekara 200 da suka wuce.

A wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da hadisi da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya ta mahaifinta. Fulatanci ne harshen gida, Larabci harshen littafi, Hausa harshen maƙwabta da kasuwa, kuma tana jin Buzanci. Daga baya da uku na farkon ta yi rubutu.

Ba a bar ta ta yi ƙuruciya cikin natsuwa ba. Sarakunan Gobir sun tsorata da yawan jama'ar Shehu. Sarki Nafata ya kafa dokar hana rawani ga maza da lulluɓi ga mata, da hana kowa wa'azi in ba Shehu ba. Da Yunfa ya hau, al'amari ya ƙara tsanani, har a watan Fabrairu na 1804 jama'a suka bar Ɗegel suka yi hijira zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara 11. Cikin kayan da aka fi kula da su a wannan tafiya akwai littattafan Shehu, waɗanda aka ɗora wa raƙuma. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto aka yi nasara, amma kafin shekarar ta ƙare sai ga musibar Tsuntsuwa, inda aka rasa jama'a masu yawan gaske, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Daga nan sai yunwa da cuta da yawon neman mafaka, daga Gobir zuwa Zamfara, daga Zamfara zuwa Gwandu a 1805, inda nan ma abokan gaba suka biyo su bayan karon Alwasa.

Ina so ki tsaya a nan ki yi tunani kaɗan. Idan maza sun fita fagen fama, wa ke zaune da marayu? Wa ke jinyar masu rauni, wa ke neman abin da za a sa a tukunya a shekarar da babu hatsi, wa ke zama da wadda aka kawo wa labarin mijinta ya yi shahada? Yarinya 'yar shekara 11 zuwa 15 ta ga duk wannan da idonta. Littattafan tarihi sun fi ba mu sunayen jarumai da wuraren da aka kara, amma wanda ya karanta marsiyoyin da Nana ta rubuta daga baya zai gane cewa ta san zafin rashi tun da wuri, kuma ta san darajar matan da ke riƙe gari idan ya rikice.

A 1807 aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello na ƙut da ƙut, tana da kimanin shekara 14 kamar yadda aka saba a wancan zamani. Shekara guda bayan haka Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Shehu ya zauna a Sifawa, daga baya ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a 1817. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Allah Ya ba su 'ya'ya maza, babbansu Abdulƙadir shi ma ya riƙe Wazirci bayan mahaifinsa.

A nan dole in yaba wa Giɗaɗo. Gidan Waziri gida ne na baƙi, ba dare ba rana: manzannin sarakuna, malamai daga nesa, fatake daga hamada. Har Baturen nan ɗan Birtaniya, Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, a hannun Giɗaɗo aka danƙa shi. Uwargida a irin wannan gida, ga ɗawainiyar girki ta jama'a, ga yara, ai ko allo ba ta taɓa ba babu mai zarginta. Amma mijin nata malami ne marubuci, ya san abin da Allah Ya ajiye a ɗakinsa, bai tsaya mata a hanya ba. Tana da shekara 27, a 1820, ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci, a kan halayen da ke kai bawa ga tsira da waɗanda ke halaka shi. A 1822 kuma, lokacin da Gobirawa da Buzaye suka haɗa kai suka tunkaro, Bello ya rubuta baitoci da aka gina a kan haruffan ayar nan ta suratu Alam Nashraha mai bushara da sauƙi tare da tsanani, ita kuma ta mayar masa da nata da Fulatanci a kan ginin haruffan guda. Ƙanwa da yaya ke nan suna ƙarfafa wa juna zuciya da alƙalami, ana cikin zaman ɗar-ɗar.

To, me ya sa mace mai irin wannan Larabci ta fi karkata ga waƙa, kuma da harsunan gida? Dalilin a fili yake. Takarda a lokacin tsada gare ta, daga Turai ake kawo ta, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro hamada a bayan raƙumi. Babu injin ɗab'i, kowane littafi da hannu ake kwafarsa. Matan karkara kuwa ba su iya karatun ajami ba, balle Larabci. Amma kowace mace ta iya waƙa. Da ita take daka, da ita take niƙa, da ita take lallashin goyo. Idan aka zuba hukuncin alwala ko tarihin Annabi (SAW) a cikin baiti mai kari da amsa-amo, ya shiga kai ke nan, ba ya buƙatar jaka, ruwan sama ba ya jiƙa shi, gara ba ta cin sa. Wannan hanya Shehu da Abdullahi sun bi ta tun da farko, amma Nana ce ta mayar da ita makaranta sukutum ta mata.

Dubi waƙarta da ake kira Sunago. A cikin baiti 30 kacal ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114. Ta fara yin ta da Fulatanci a 1829, aka sami ta Hausa a 1838. Matar da ta haddace ta, ko ba ta kai ga sauka ba, ta san sunan kowace sura, kuma zuciyarta za ta riƙa kwaɗayin sanin abin da ke ciki. Akwai Begore, ta bege da tarihin Manzon Allah (SAW). Akwai Godaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama, na wa'azi da tsoratarwa, waɗanda gaskiya idan ana rera su sai tsikar jikinki ta tashi, don ba ta sassauta ba wajen siffanta azabar mai cin amana da mai tauye mudu da mai annamimanci. Kunnen yau zai iya jin sun yi zafi, amma ita ta san da wa take magana, kuma ba ta taɓa tsoratarwa ba tare da ta biyo da kwaɗaitarwa ba. Ita ce kuma ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, ƙaninta Isa na Kware ya yi mata tahamisi. Waƙa ce mai jan kunnen masu mulki da alƙalai a kan zalunci, kuma da hannun Nana ta shiga bakin Hausawa. Sai Waƙar Gewaye, wadda ta bi sawun Shehu da jama'arsa zango-zango tun daga wa'azi har hijira da yaƙe-yaƙe. Da Fulatanci ta tsara ta, Isa ya mayar da ita Hausa. Mai ba da labarin kuwa da ƙafarta ta taka wannan hanya.

Yanzu mu koma kan 'Yan Taru, don a ganina nan ne hikimarta ta fi bayyana.

Yaƙi bai ƙare da faɗuwar Alƙalawa ba. A 1836 aka yi babban karo a Gawakuke, inda Bello ya rinjayi haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Irin waɗannan yaƙe-yaƙe sun kawo mata da yawa cikin gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan kewaye a matsayin ganima, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba. Mata ne da aka raba da garuruwansu, wasu an kashe mazansu, Hausa kawai suke ji, kuma abin da suka tashi suka tarar ana yi idan ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama shi ne bori. A Gobir, shugabar bori mace ce mai sarauta, Inna, 'yar gidan sarki, mai faɗa a ji, wadda ke fita da malfa da rawani. Mace mai baƙin ciki, a baƙon wuri, ina za ta nufa in ba wurin abin da ta sani ba?

Nana ta fahimci cewa hani kaɗai ba zai raba su da girka ba, sai an ba su abin da ya fi shi. Bello ya riga ya rubuta Kitabun Nasiha da Larabci a kan salihan mata na farkon Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi ta Fulatanci a 1836, ta Hausa kuma a 1837, ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta ambaci matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya da Sayyida Nafisa. Sannan ta ƙara abin da ya fi burge ni: ta sa sunayen matan garinsu, waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu, irin su Inna Garka da Iya Garka da Joɗa Kawuri da Habiba. Wato tana nuna wa mace cewa waliyantaka ba ta tsaya a Basra da Misira ba, ga ta nan a bayan katangarku. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattaro abin da ya zo na neman waraka da kariya da surorin Alƙur'ani, don malamai su sami abin ba mai ciwo da mai naƙuda da mai damuwa maimakon a kai su gidan bori.

Sai kuma batun malfa. Ta ɗauki wannan alama ta Innar Gobir, wadda mata suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Duk matar da ta ga ta isa, mai hankali da riƙon amana, sai ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle. Kalmar jaji ma daga fatake aka aro ta, jagoran ayari ke nan. Ki lura kuma da waɗanda ta zaɓa su riƙa tafiya: tsofaffi da ƙananan 'yan mata. Matar aure mai goyo tana ɗakinta, karatu zai same ta har gida, saboda haka babu maigidan da zai ce an fitar masa da iyali. Ta kauce wa rigima tun kafin ta taso, kuma ba ta bar kowa a baya ba. Sadakar da suke kawowa kuwa ba ta tara ta, rabar da ita take yi ga makafi da guragu da gajiyayyu da marayu. Abin da take koya musu bai tsaya ga salla da azumi ba. Akwai wankan gawa, da zama da mai naƙuda, da jinyar maras lafiya, da sasanta masu faɗa, da share masallaci, da ladabin zama da kishiya da maƙwabta. Jaji idan ta koma ƙauyensu ita ce malama, ita ce mai sulhu, ita ake tasa da tsakar dare.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Wannan rashi ya girgiza ta ƙwarai, domin ta rasa yaya da malami da abokin shawara a lokaci guda. Ta yi masa marsiyya, ta kuma yi wata waƙa daban a kan halayensa, wadda idan kika duba da kyau za ki ga madubi ce ta kafa wa duk wanda zai hau gadon bayansa. Daga nan ita da Giɗaɗo suka duƙufa wajen tattara tarihin Shehu da Bello da adana rubuce-rubucensu, Giɗaɗo yana rubutawa da Larabci, kamar littafinsa Raudul Jinan, ita tana zubawa a waƙa. Shi ma ya riga ta, a wajajen 1850, ta yi masa tasa marsiyyar.

Marsiyoyin nan nata suna da yawa, don Allah Ya ba ta tsawon rai ta binne kusan duk tsararrakinta. Ta yi wa baffanta Abdullahi, ta yi wa 'yar uwarta Faɗima, ta yi wa aminiyarta A'isha. Amma guda biyu nake so ki riƙe. Ɗaya ta Zaharatu ce, wata mata da ba 'yar sarauta ba, wadda aikinta shi ne zuwa wurin masu haihuwa da wanke mamata da koyar da na ƙasa da ita. Ɗayar kuma ta Hauwa'u ce, wata jaji da ta shekara da shekaru tana jagorantar mata zuwa wurinta. 'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, uwar Waziri, ta zauna ta tsara wa ungozoma da jaji baitoci da irin alƙalamin da ta yi wa Bello. Ba don ita ba, da yau babu wanda ya san an taɓa yin waɗannan bayin Allah. Mu da muke ƙungiyoyi, sau nawa muke tuna mai share mana wurin taro idan ta rasu?

Kada kuma ki ɗauka tsufa ya sa ta yi shiru a kan al'amuran mulki. Ta ga zamanin Atiku da na Aliyu Babba da na Ahmadu ɗan Atiku, kuma duk suna jin nauyinta. Lokacin da aka tuɓe Ɗan Yalli daga sarautar Yabo saboda abubuwan da ya riƙa yi da ba su dace da shugaba ba, ta yi waƙa ta goyi bayan tuɓewar, ba ta duba cewa ɗan babban gida ba ne. Lokacin fari ta yi waƙar roƙon ruwa. Malamai baƙi daga ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, idan sun biyo ta Sakkwato akan yi musayar baitocin Larabci tsakaninta da su. A 1861, tana dab da shekara 70, ta tsara Dalilin Samuwar Allah da Hausa, a kan tauhidi. Abin da ya iso gare mu na rubuce-rubucenta ya kai kimanin 60.

Allah Ya karɓi abarsa a 1864, tana da shekara 71. Aka binne ta a Hubbare, kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Isa ya yi mata marsiyya.

Taruwar kuwa ba ta watse ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta kuma dawo gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta karɓi ragamar, bayanta kuma Ta Modi ta ci gaba da naɗa jajoji. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka sauya alƙalai da haraji da makarantu, amma ba su ma lura da tsofaffin nan masu malfa ba, ayari ya ci gaba da zuwa. Sai dai yanzu tafiyar ta haɗa da ziyara: a je Hubbare a yi wa Shehu da Nana addu'a, a ajiye sadaka, a zauna a rera waƙoƙinta, wadda ta manta baiti 'yar uwarta ta tuna mata.

Takardun nata kuwa zuriyarta ne suka adana su a unguwar Giɗaɗawa. Marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga tsatsonta yake ta wajen ɗanta Ahmadu, kuma shi ne ya buɗe wa wata malama 'yar Ingila, Jean Boyd, waɗannan takardu. Ta yi shekaru tana aiki a kansu, ta fitar da tarihin Nana a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga dukkan ayyukanta da fassararsu a littafi mai shafi sama da 700. Ta wannan hanya da ta almajiran ɗariƙar Shehu labarinta ya ƙetare teku, har wasu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa tasu ƙungiyar karatu suka sa mata suna 'Yan Taru.

Lokacin da Jean Boyd ke wannan bincike, a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, ta bi ƙauyukan Sakkwato ta sami jajoji da ransu, tsofaffi tukuf, kowacce da malfarta. Suka zauna suka rera mata waƙoƙin Nana da ka, fiye da shekara 100 bayan an binne mai su.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da malamanta da ɗalibanta, Ya haskaka makwancinsu, amin.